Jirgin Pak Tajuddin Ba Ya Ɗaukar Wanda Ya Ƙoshi

Duk wanda ya san Maitama a unguwar Wangsa Maju ya san shi da abu biyu: surutun koguna da ci. In ya zauna a mamak, shagon abincin da ke ƙasan benensu, mai shagon ko tambayarsa ba ya yi, gurasar roti kawai yake jera masa har sai ya ɗaga hannu. To wannan bawan Allah, shi ne ya kusa rasa digirin digirgir ɗinsa don ya ce ya ƙoshi.

Bakano ne, ɗan Fagge. Garinsu in ban da Jakara ba wani ruwa mai tafiya, amma ya tsallako har Kuala Lumpur yana bincike a kan tarihin tasin ruwa: kwalekwalen haya da a da suke jigilar mutane a kogin Klang, tsakanin garin Klang na bakin teku da garuruwan da ke sama da shi. Ya sha ƙurar tsofaffin takardu har ya fara tari irin na Turawan mulkin mallaka. Ya kai wa Farfesarsa babi na ƙarshe yana taƙama, ta karanta, ta cire tabarau ta ce, “Maitama, akwai jirage a nan, akwai shekaru, amma ba mutum ko ɗaya. Ka nemo wanda ya tuƙa da hannunsa. In babu muryarsa, ba zan sa hannu ba.”

Ga bizarsa saura ƙiris. In babin nan bai wuce ba, sai dai ya koma Kano da mata da ’ya da tarin roti a ciki.

Da ƙyar, ta hanyar ladanin wani masallaci, ya samu labarin Pak Tajuddin. Tsoho ne da ya yi rayuwarsa kaf yana tasin ruwa, yanzu yana zaune wajen ’yarsa Nuriyya a Kampung Baru, a wani gidan katako da dogayen benaye suka yi wa zobe kamar an kama ɓarawo. Jirginsa na nan ɗaure a Klang, amma an riga an yi cinikinsa, ƙarshen wata mai saye zai zo ya ja abinsa. Shi kuma tsohon zai koma ƙauyen matarsa can arewa.

Maitama ya sa shaddarsa ta Juma’a, ya kafa hula, ya je. Ya cire takalmi tun daga matakala, ya durƙusa ya gai da tsoho da hannu biyu, har tsohon ya ji daɗi. Nuriyya ta kawo shayi da wasu ’yan alkaki kore-kore masu ƙamshin kwakwa.

“Makan, makan,” in ji Pak Tajuddin, wato ci, ci, yana tura masa faranti.

Yawun Maitama ya tsinke. Amma a gidansu, yaro ba ya buɗe baki ya tauna abu a gaban sa’an ubansa, balle wanda ya zo roƙon alfarma a wajensa. Kakarsa ta sha cewa baƙon da ya miƙa hannu da tayin farko, da yunwarsa ya zo, ba da maganarsa ba. Sai ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. “Alhamdulillahi, Baba, na ƙoshi.”

Yana jiran tayi na biyu da na uku, yadda ake yi. Ba wanda ya sake tayi. Tsohon ya dube shi, ya dubi farantin, hira ta fara tsinkewa. Yaushe ka fara tuƙi? Da daɗewa. Mutane nawa jirgin ke ɗauka? Ya danganta. Nuriyya tana fassara inda Turancin tsohon ya gaza, har ita ma ta fara jin nauyi. A ƙarshe tsohon ya ce shi bai iya ba da labarin ruwa a kan tudu ba. In yana so, ya same shi a Klang ranar Asabar da safe, su shiga jirgin.

Asabar Maitama ya hau LRT, jirgin cikin gari, ya sauya zuwa jirgin ƙasan Klang, ya isa yana zufa. Tashar ba wata tasha ba ce, ’yar gadar katako ce a bayan wani kedai, wato ɗan shago, ga jirgin shuɗi mai rumfar leda yana lilo a kan ruwa mai kalar kunun kanwa. Tsohon ya riga ya kwance igiya ɗaya. Sai ya zauna a kan katako, ya buɗe ƙunshin ganyen ayaba: shinkafar kwakwa da yaji da ’yan kifi. Ya miƙo.

Kun san me gogan ya yi? Ya sake dafa ƙirji.

Pak Tajuddin ya cinye shinkafarsa a natse, ya wanke hannu, ya tashi ya mayar da igiyar da ya kwance, ya ɗaure ta tamau. “Ba yau ba,” ya ce. Ya hau bayan babur ɗin wani maƙwabcinsa na dā, suka tafi.

Maitama ya dawo gida kamar kazar da ruwa ya doka. Matarsa Lailatu tana yi wa ’yarsu Afnan kitso, ta ga ko sallamar kirki bai yi ba.

“Abban Afnan, jirgin ne ya nutse, ko kai ne?”

Ya zube a kujera ya kwashe labari ya faɗa mata. Shi a ganinsa wariyar launin fata ce, ko kuma tsohon kuɗi yake so. Lailatu ta tsaya da tsinken kitso a hannu.

“Tsaya. Ya ba ka abinci?”

“Ya ba ni.”

“Ka ci?”

“Haba Laila, a gabansa? Sa’an babana ne fa.”

Ta yi dariya har Afnan ta juyo tana cewa, “Mummy, why lah?”

“Kai da ka ƙarar da fulawar mamak! Yau kuma kai ne mai kawaici? Shekara nawa muna garin nan, kana can cikin takardu, ni ina nan da maƙwabta. Makcik, dattijuwar ƙofar can, ko fita zan yi da gudu in ta ce makan, sai na ɗanɗana take barina in wuce. A wajensu in an yi maka tayi ka ƙi, ka fita da ranka a kan abincin, tsautsayi na iya binka. A tudu ma ke nan, balle a kan ruwa. Wa zai ɗauke ka a jirgi?”

“Wannan ai camfi ne.”

“To Malam. Kai da ba ka yarda in yi shara bayan magariba? Camfi ko ba camfi ba, jirginsa ne.”

Abin da ya fi damun Maitama ba dariyar ba ce. Shi duk a zatonsa girmama tsohon yake yi, har yana yaba wa kansa tarbiyya a zuci. Ashe sau biyu yana mayar wa dattijo hannu, dattijon kuma, da yake shi ma nasa kawaicin gare shi, bai ce masa ga laifinka ba. Kowa ya yi wa ɗan’uwansa kara, karar ta haɗu ta zama katanga.

Ya kira Nuriyya ya ba da haƙuri. Ta ce za ta gwada, amma babanta in ya ɗaure igiya ya ɗaure. Kwanaki suka yi ta tafiya, waya shiru. Maitama ya fidda rai, har ya ce bari ya rama azumin da ake binsa tun wata rashin lafiya da ya yi a Ramadan, ko Allah zai dube shi.

Ranar da ya ɗauki azumin, da hantsi, waya ta yi ƙara. Nuriyya ce. “Baba ya ce ruwa ya cika yau, gobe kuma mai sayen jirgi zai zo. In za ka zo, yanzu.”

A jirgin ƙasa ne abin ya faɗo masa. Azumin ramuwa! Ba nafila ba ce da zai ce a yi masa uzuri. Ya buga wa Lailatu.

“Laila, ina azumi fa.”

“Innalillahi. To ka faɗa masa mana.”

“Karo na uku? Zai ce ƙarya nake.”

“Abban Afnan, sau biyu ka yi masa ƙarya ka ce ka ƙoshi. Gwada gaskiya sau ɗaya ka gani.”

Ya tarar da tsohon zaune a kan gadar katako, Nuriyya na gefensa da laima, ƙunshin ganyen ayaba a buɗe. Tsohon ya ɗago ya miƙo, bai ce ko makan ba. Maitama ya durƙusa. Hannunsa ya fara tafiya wajen ƙirji da kansa, ya riƙe shi.

“Baba, ran nan da na ce na ƙoshi, wallahi yunwa nake ji. A garinmu kunya ce yaro ya ci a gaban babba. Yau kuma da na zo da niyyar in cinye har ganyen, azumin ramuwa nake yi.”

Nuriyya ta fassara tana danne dariya. Sai tsohon ya kamo wuyan hannun Maitama da wani tafi mai kaushi kamar bayan itace, ya kai yatsansa kan shinkafar, ya taɓa ta sau ɗaya, ya saki.

“Shi ke nan. Boleh. Shiga.”

“Shi ke nan?”

“Taɓawa ta isa,” in ji Nuriyya. “Da ma ita kawai yake jira.”

Tsohon ya naɗe sauran ya cusa masa a jaka, wai tapau, wato guzuri, ya sha ruwa da ita.

Injin ya yi tari ya kama. Suna barin gaɓa bakin tsohon ya buɗe, kamar da igiyar aka ɗaure shi. Maitama ya kunna rikoda a waya ya riƙe ta kusa da shi saboda ƙarar inji.

Tsohon ya ce kakansa da doguwar gora yake tura kwalekwale, ya kai shinkafa da gishiri can sama inda koguna biyu suka haɗu, wajen da masallacin Masjid Jamek yake yanzu a Kuala Lumpur, ya sauko da kuza. Babansa ne ya fara sa inji, ya koma ɗaukar mutane: masu aikin tashar jiragen ruwa da asuba, mata masu kai kifi kasuwa, ’yan makaranta da takalmansu a hannu. Ba tikiti, ba tasha. Ka tsaya a bakin ruwa ka ɗaga tawul, jirgi ya ratso. Ya nuna wani wuri da ciyawa ta cinye, ya ce a nan wata mata ta haihu a cikin jirginsu, aka sa wa yaron sunan babansa. Ya nuna ƙafar wata gada, ya ce ranar da aka buɗe ta shi ma ya je ya yi tafi, bai san abincinsa yake yi wa tafin bankwana ba. Daga nan manyan tituna, sai motoci, sai kogin ya zama bola, fasinja ya ga robobi da mushe ya toshe hanci. Jiragen suka ragu ɗaya bayan ɗaya. Sai shekarar babbar ambaliya aka tuna da shi, ya kwana yana sauko da mutane daga kan rufin gidaje, waɗanda iyayensu ya taɓa kaiwa makaranta.

Wani ƙaton guza ya tsallaka gabansu yana iyo, ko a jikinsa. Maitama ya yi ƙarfin hali ya tambayi maganar abincin: da gaske ya yarda shinkafa na hana jirgi kifewa?

Tsohon ya yi tsaki irin nasu. “Allah ke hana jirgi kifewa. Amma babana bai taɓa ɗaukar wanda ya ƙi abincinsa ba. Ruwa in ya tashi, zan ce maka zauna, dole ka zauna. Wanda ya ƙi shinkafata a tudu, zai ji maganata a tsakiyar kogi?”

Maitama bai rubuta komai ba, ya bar wayar tana ɗauka.

Da suka kai wata kwana inda kogin ya yi faɗi, tsohon ya rage wuta, ya kashe injin gaba ɗaya. Ruwa na ɗan dukan cikin jirgin, can nesa ana jin motoci a kan gada. Ya gyara zama, ya karɓi wayar daga hannun Maitama ya kai ta bakinsa da kansa.

“Yanzu an yi shiru,” ya ce. “Bari in faro maka daga sunayen masu jiragen. Mu da yawa ne, kuma ni kaɗai na rage da zan faɗe su.”