Wanda Zai Wanke Barista

Lado yana tsugune a tsakar gida yana tsinkar gyaɗa aka rangaɗa sallama a ƙofar zaure. Ya gane muryar sarai, shi ya sa ya yi kunnen uwar shegu. Halliru ne, ƙanen Barista Abdulmutalib, maƙwabcin da suke katanga ɗaya da shi a nan Karaye.

"Malam, ana sallama fa," in ji matarsa Lauratu daga bakin murhu.

"Na ji. Ce miki aka yi na kurumce?"

"To amsa sallama dai wajibi ne, ko daga bakin wa ta fito."

Ya karkaɗe hannu ya fita yana ƙunƙuni. Suka gaisa sama-sama, Halliru ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Lado, Yaya ne yake son ganinka. An sallamo shi daga asibitin Kano, likitoci sun ce a kawo shi gida a ci gaba da addu'a."

Babu wanda bai san ma'anar wannan magana ba. Amma Lado irin mutanen nan ne da idan suka ƙulla abu a rai, sai dai a binne su da shi. Kuma a ganinsa yana da hujja.

A da fetur yake sayarwa, bumburutu, kamar yadda ake cewa. Duro biyu da jarkoki a cikin zaurensa, kwalabe jere a kan teburi a bakin hanya, 'yan acaɓa masu zuwa Rogo da Jajaye duk a wurinsa suke shan mai. 'Yan kwana-kwana suka zo suka gargaɗe shi, ya yi fatali da maganar, suka kai shi kotu. Ko gezau bai yi ba, don ya ji an ce Barista ne zai tsaya wa hukumar. Aikin Barista ke nan a ma'aikatar shari'a: duk lokacin da 'yan kwana-kwana ko masu kiyaye haɗurra suka shiga kotu, shi ne bakinsu. Lado ya ce a ransa, ai maƙwabci ba zai tsire maƙwabcinsa ba.

Ashe ya yi kuskuren lissafi. Barista ya miƙe a gaban alƙali, riga a rufe har wuya kamar kullum, ya zayyana zauren nan kamar shi ya gina shi. Ga inda duro yake, ga murhun Lauratu ta bayan bango, ga ɗakin da yara suke kwana yana jingine da zauren. Duk abin da idonsa ya gani ranar da ya zo sunan Bahijja, autar Lado, ya ci tuwo a kan tabarma, sai da ya juye shi a kotu. Aka kwashe man, aka hana sana'ar, Lado ya koma gona. Daga baya ya ji cewa an ba Barista dama ya miƙa shari'ar ga wani lauya, ya ce a'a, shi zai yi. Tun daga ranar gaisuwa ta mutu a tsakaninsu. Ko a masallaci, in Barista yana dama, Lado yana hagu, shekara da shekaru.

Duk da haka ya bi Halliru. Ba don tausayi ba. So yake ya ji da kunnensa yadda babban lauya zai ce a yafe masa.

Ɗakin yana warin magani da turaren wuta. Mutumin da muryarsa ke cika kotu ya koma ɗan tsurut a kan katifa, amma ga kaftani mai dogon hannu a jikinsa, maɓalli har wuya, ana wannan zafin na kaka. Ya ɗaga ido ya yi murmushi.

"Lado. Ashe za ka zo."

"An ce kana kira. Ya jiki?"

"Jiki ya gama nasa. Zauna." Ya nisa kafin ya ci gaba. "Kada ka zaci gafara zan nema a kan shari'ar nan. Da za a sake, haka zan sake yi."

Ran Lado ya ɓaci har kunnuwansa suka yi zafi. Ya yunƙura zai tashi.

"Tsaya mana, sarkin zuciya. Alfarma zan roƙa. In ta Allah ta kasance, kai nake so ka wanke ni. Halliru ya zuba maka ruwa. Ban da ku biyu kada kowa ya shigo."

"Ni? Ga Liman, ga danginka cike da Ruwan Bago, sai ni?"

"Sai kai. Tun da muka ɓata, ba ka ce da ni uffan ba. Amma na sa kunne, Lado, aikina ke nan. Ban taɓa jin an ce ka zauna a majalisa ko a kasuwa ka ci namana ba. Mutumin da ya iya riƙe bakinsa a kan wanda ya tsana, shi nake so ya ga gawata."

 Lado ya miƙe ya zura takalmansa, ya ce, "Allah Ya sawwaƙe," ya fita bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Washegari da hantsi yana ɗaure buhu ya ji kukan Hajiya Sauda, matar Barista, ya tsallako katanga. Lauratu ta saki muciya ta hau salati. Shi kuwa ya tsaya riƙe da igiya, zuciyarsa tana ce masa mutumin nan har ya mutu bai rusuna ba, don me kai za ka rusuna? Lauratu ta tashi daga bakin murhu. Ta shiga ɗaki ta fito da sabon sabulu da ƙullin ganyen magarya, ta ajiye a kan buhun da ke gabansa, ta koma. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗauka.

Suka rufe ƙofa, shi da Halliru. Lado ya koyi wankan gawa a hannun mahaifinsa, ya kuma san ƙa'idarsa: a lulluɓe mamaci, a tausasa hannu, a fara da dama, abin da ido ya gani kuma a bar shi a ɗakin. Ya yi bisimilla ya fara ɓalle maɓallan nan da bai taɓa ganinsu a buɗe ba. Da suka juya shi a kan gefensa, hannun Lado ya tsaya cak.

Babu fata irin ta mutane a bayan Barista. Tun daga ƙeya har ƙugu, har dantse biyu, tabon ƙuna ne, ya tattare ya yi sheƙi kamar ledar da ta narke a bakin murhu. Wani wuri fari fat, wani wuri ya ja ya ɗaure, har Lado ya rasa yadda mutum zai ɗaga hannu da wannan jiki, balle ya yi ruku'u. Tsohon tabo ne, ya girma tare da mai shi.

"Innalillahi," in ji Lado a hankali. "Halliru, mene ne wannan?"

Halliru ya ajiye buta, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Babanmu ma mai yake sayarwa a zaure, a Ruwan Bago. Ina goye lokacin, labari aka ba ni. Wata rana da rana tsaka wuta ta tashi. Yayata Sadiƙa, mai bi wa Yaya, tana barci a ɗakin da ke jikin zauren. Manya suka tsaya suna salati, Yaya da bai fi a aike shi kiwon awaki ba ya kutsa. Ya rungumo ta a ƙirjinsa, rufin ya faɗo masa a baya, bai sake ta ba har ya fito." Ya girgiza kai. "Ta riga ta cika. Hayaƙi ne. Bai taɓa yarda a yi zancen ba, ko a gida."

Lado ya sake duban tabon. Ɗakin da ke jikin zaure. Kalmomin da ya ji a kotu ke nan, da bakin wannan mutum, shi kuma ya ɗauke su cin amana. Wani irin kwarjini ya cika masa ƙirji, irin wanda bai taɓa ji ba a gaban mai rai, ya ga kamar hannunsa bai isa ya taɓa wannan baya ba. Ya sake bisimilla. Ya wanke tabon nan lungu-lungu, a hankali, kamar har yanzu yana ciwo, hawaye yana ɗiga a cikin ruwan magaryar bai share ba. Suka sa kafur, suka naɗe shi a likkafani, Lado ya ɗaure da hannunsa.

Kafin azahar layin ya cika. Ga manoman Ruwan Bago da Rogo Ruma, ga lauyoyi daga Kano, ga jar motar 'yan kwana-kwana an ajiye ta a gindin darbejiya, mutanenta sun cire huluna sun shiga sahu. Bayan an dawo daga maƙabarta wani babban ɗan kwana-kwana ya riƙa ba da labarin yadda marigayi yake kwana a kan shari'a ɗaya, yana cewa, "Har ya bar aiki ba mu gane abin da ya sa yake ɗaukar maganar wuta da zafi haka ba." Lado yana zaune a gefen tabarma yana ji. Maganar ta zo masa har maƙogwaro, ya mayar da ita.

Da la'asar ya koma gida. Lauratu ta tare shi da kofin ruwa.

"Malam, yaya ka same shi?"

"Lafiya ƙalau," ya ce. "Allah Ya jiƙan Barista."

Ta dube shi, don rabon da ta ji sunan a bakinsa har ta manta. Lado ya koma zaure ya zauna a kan dakali. Har yanzu shacin gindin duro biyu yana nan a kan siminti, tsatsa ta zana shi, shara da wanki sun kasa goge shi. Bahijja ta zo ganin gida da 'yarta, yarinyar ta rarrafo daga ɗakin da ke jikin zauren, ta zauna daram a tsakiyar shacin tana ɓare gyaɗa da haƙoranta biyu.