Sunan Manaja a Layin Farko

Irmiya mai kula da kwamfutocin ofis yana durƙushe a ƙarƙashin tebur yana gyara zaman wayoyi, sai manaja Alhaji Zarami ya tsaya a kansa da takarda a hannu.

"Irmiya, fito. Wa ya sa sunan Gwadabe a saman nawa a takardar nan?"

Ofishin kula da fadamar Haɗeja yana da kwamfuta huɗu da layin tarho guda, wanda ta nan ake shiga intanet tun farkon 1999. Tsakaninsu akwai wani ƙaramin akwati da ake kira rauta, shi ke rarraba saƙo. Layin ba shi da sauri, ga shi kuma Gwadabe mai kula da sito ya gano hotunan ragunan Sudan. Rago ɗaya sai ya yi minti arba'in yana sauka, daga ƙaho zuwa kofato, kowa yana jira. Shi ne manaja ya ce a tare Gwadabe, Irmiya kuma ya rubuta wa akwatin doka mai layi biyu.

"Ranka ya daɗe, ba girmamawa ba ce," in ji Irmiya yana kaɗe gwiwar wandonsa. "Akwatin nan kamar maigadi yake. Yana karanta jerin daga sama, da ya ga layin da ya dace da mutum sai ya tsaya. Layin farko ya ce a hana Gwadabe. Na biyu ya ce a bar kowa."

"To ni ina nake?"

"Kana cikin kowa."

Alhaji Zarami ya cire tabarau. Shekara ashirin da biyu yana aikin gwamnati, ba a taɓa zuba shi cikin kowa ba.

"Sa ni a layin farko. Gwadabe ya koma ƙasa. Wannan kowa kuma a goge shi, ban san ma'aikaci mai wannan suna ba."

"Ranka ya daɗe, akwai matsala. A ƙarshen jerin akwai doka da ba a gani. Duk wanda ba a ambata ba, akwatin zai hana shi."

"Dokar da ba a gani ba doka ba ce. Yi abin da na ce."

Irmiya ya yi. Manaja ya sa aka buga sabon jerin a takarda, ya sa hannu, ya danna hatimi har sau biyu, ya liƙa a allon sanarwa.

Ƙarfe sha ɗaya Yagana sakatariya ta dawo daga gada, zaninta a jiƙe. Ruwan kogi ya wuce jan layin ma'auni da taku ɗaya. Dole a aika wa mutanen madatsar ruwa kafin azahar su rage sakin ruwa, in ba haka ba shinkafar ƙauyuka uku za ta nutse. Tarhon madatsar ya lalace tun watan jiya, imel kaɗai suke dubawa.

Ta buga saƙon, ta danna. Bai tafi ba. Ta sake, shiru.

"Malam Irmiya, me ka yi wa kwamfutata?"

"Ba kya cikin jerin, Malama."

"Da safe ina ciki."

"Da safe kina cikin kowa. An goge kowa."

Suka nufi ofishin manaja. Irmiya ya ce layi ɗaya kawai zai ƙara, ko minti biyu ba zai ɗauka ba. Alhaji Zarami ya ce takardar da ta sha hatimi ba a taɓa ta sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa sai ranar Laraba.

"Ruwan ba zai jira Laraba ba, Alhaji," in ji Yagana. "To kai ka aika, tunda kai kaɗai akwatin ya sani."

Manaja ya dubi kwamfutarsa. Tun da aka kawo ta, lulluɓe take da ƙyalle mai ado, butar shayinsa a kai. Ya yaye, ya kunna, ya miƙe yatsa guda yana neman harafin farko. Bayan minti goma ya rubuta "Assala".

Yagana ta dubi agogon bango. "Alhaji, don Allah tashi."

Ya tashi. Ta zauna a kujerar mai juyawa, yatsunta suka hau aiki. Shi kuwa ya tsaya a gefe, ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya riƙe mata takardar ma'aunin. Saƙo ya tafi sha biyu da kwata. Kafin la'asar amsa ta zo cewa an rage ruwa.

Ranar Laraba kwamiti bai zauna ba, mutum biyu sun tafi suna a Birniwa. Wata Larabar ma haka. Yagana ta ci gaba da aika ma'auni kullum daga kujerar manaja, shi kuma ya koma benci a baranda, inda ya ce iska ta fi.

Bayan girbi, wakilan manoma suka zo godiya da buhun shinkafa. Suka wuce dattijon da ke baranda da 'yar gajeriyar sallama, suka shiga ciki suka zube gaban babban tebur.

"Ranki ya daɗe, mun gode."

Yagana ta buɗe baki za ta gyara musu. Ta taga ta hango Alhaji Zarami yana gyangyaɗi, hula ta karkace. Ta gyara zama, ta ce su ajiye buhun a can kusurwa.