Tsohuwa Ba Ta Barci

A ɗan ɗakin da ke bayan asibitin, tsakanin ma'ajiyar magani da banɗakin ma'aikata, akwai wani farin allo da Auta ta tsana kamar me. Kullum da safe Kawu zai shigo, ya goge lambar jiya da gefen hannunsa, ya rubuta ta yau. Ran nan ya rubuta dubu ɗaya da ɗari shida da goma sha biyu, ya ja da baya yana kallo, baki har kunne kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Kwanakin da Tsohuwa ta yi a kunne ke nan ba a kashe ta ba ko sau ɗaya. Tsohuwa kuwa kwamfuta ce, baƙa, mai nauyin tsiya, tana zaune a ƙarƙashin tebur tana gurnani. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Kawu ya tsinto ta cikin tarkacen da wani ofis ya zubar, ya ɗora mata manhajar Linux, ya mai da ita rumbun asibitin. Sakamakon gwajin jini, maganin da aka rubuta wa kowa, hotunan ƙirji da na ƙashi, duk a cikinta suke. Likita, mai asibitin, ya daɗe da daina ajiye takarda.

A faɗi gaskiya, Kawu ya iya aikinsa. Shi ya koya wa Auta, 'yar ƙanwarsa, yadda ake magana da na'ura a baƙin allo da rubutu zalla. Ranar da ta fara aiki ya buɗe mata ƙaramar ƙofar shiga, ya ce, "Ki duba da ido, ban da taɓawa. Babban makulli sai wanda aka yarda da shi." Sai da ta shekara uku kafin ya ba ta babban makullin, wato ikon canza komai da goge komai a cikin na'urar.

To amma iya aiki daban, taurin kai daban. Mutanen da ke gyara manhajar a ko'ina cikin duniya suna fitar da sabbin gyare-gyare kyauta, Auta tana saukewa, amma manyan cikinsu ba sa kama aiki sai an kashe na'ura an sake kunnawa. Nan ake yin ta. Da ta ce kashewa, sai Kawu ya sha mur ya nuna farin allon.

Ga kuma abin da ya fi ci mata rai. Faifan Tsohuwa, inda take ajiye komai, a kulle yake da wasu kalmomin sirri, kuma ba ta tambayarsu sai a lokacin kunnawa. Kwafin da take ajiyewa kullum a faifai na biyu shi ma da kalmomin aka kulle shi. Kawu kaɗai ya san su. Ta roƙe shi ya fi sau ashirin ya rubuta ya sa a ambulan, a ajiye a durowar Likita.

"Suna nan," in ji shi, yana ƙwanƙwasa goshinsa. "Ke dai Auta kin cika tsugudidi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ita ke nan yaron, da 'ya'yanta biyu da furfura uku a gaban goshi. Takan haɗiye ne kawai, don ta san in ta tanka, kafin la'asar magana ta isa kunnen Inna, mahaifiyarta, ta kira ta a waya tana tambayar yaushe ta fara sa'insa da kawunta.

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar nan aka ji wani ƙara tas, wuta ta ɗauke, ƙauri ya cika baranda. Mai gyaran wuta ya buɗe akwatin da ke bango, ya yi tsaki, ya ce babbar waya ta ƙone ƙurmus, kuma janaretan asibitin ma ta nan yake bi. Gyaran zai ci awa huɗu in an yi sa'a. Likita ya tura direba ya nemo ƙaramin janareta.

A ɗakin baya batirin da ke riƙe Tsohuwa ya fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Auta ta duba. Saura minti talatin da biyar ya ƙare.

"Shi ke nan, Kawu, yau dai lambarka ta zo ƙarshe. Bari in kashe ta da kyau kafin ta faɗi da kanta."

Ta miƙa hannu, ya cafke shi. Tafinsa sharkaf da gumi.

"Kar ki kashe."

"Haba Kawu! Saboda lamba a allo? Marasa lafiya na zaune a waje..."

"Ba lamba ba ce." Ya sunkuyar da kai. "Kalmomin nan, Auta. Sun ɓace mini."

Ta fizge hannunta. Batiri ya yi ƙit sau uku.

"Tun yaushe?"

"An kusa shekara biyu. Na zauna wata rana zan rubuta miki, sai na ga wayam. Na ce za su dawo."

Shekara biyu! Shekara biyu yana shigowa yana rubuta lamba yana murmushi, yana kiranta mai tsugudidi a gaban nas-nas, ashe ba alfahari ba ne, tsoro ne ya sa masa riga. Kuma abin takaicin, muddin Tsohuwa na kunne faifanta a buɗe yake. Da ya faɗa mata ko jiya ne, da awa biyu sun ishe ta ta kwashe komai tana shan shayi.

"Ka matsa," ta ce.

"Auta, ki saurara..."

"Ka matsa mini daga kujerar nan, Kawu!"

Tunda aka haife ta ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ya tashi tsam ya raɓe jikin bango.

Ta zazzage jakarta a kan tebur, ta zaro faifan da take yawo da shi, ta jona. Don haushi, sau biyu tana kuskuren rubutu. Ta fara da bayanan rubutu, sunaye da gwaje-gwaje da magunguna, don su ba su da nauyi. Minti shida suka ƙare. Sai hotuna, su ne jibgin kayan. Ta san ba za su shige duka ba, don haka ta umarci na'urar ta fara da na bana ta riƙa komawa baya shekara-shekara. Ta cire duk abin da ke shan batirin in ban da Tsohuwa da allon kwamfuta ɗaya.

Likita ya leƙo. "Injiniya, lafiya? Na ji hayaniya."

"Tambayi Kawu," in ji Auta.

Kawu ya yi tsuru-tsuru. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da bakinsa ya faɗa, kalma-kalma, kamar mai tauna tsakuwa. Likita ya zare tabarau ya dafe ƙofa.

Sunayen hotuna na ta gudu a allo. Bana ta wuce. Bara ta wuce. Auta ta kafa wa allon ido, tana magana ba tare da ta juya ba.

"Ka san me ya fi ƙona mini rai? Kai ka koya mini. Kai ka ce abin da ya sa muke son manhajar nan shi ne ba ta ɓoye komai, kowa na iya buɗe cikinta ya gani, in da kuskure a faɗa a gyara. Mutanen da ba su san mu ba suna tona kuskurensu a bainar jama'a don kada wani ya cutu. Kai kuma muna ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, ka kasa ce mini na manta."

"Kunya ce, 'yar nan."

"Kunya! Kunyar taka ce za ta nuna wa Likita ƙirjin mutane?"

Shekara ta biyar. Ta shida. Kukan batirin ya koma ɗaya dogo mara yankewa. Direba ya bugo waya, wai ya samo janareta amma cunkoso ya tare shi. Shekara ta bakwai ta shige da ƙyar. Ana cikin ta takwas allo ya yi baƙi. Gurnanin da aka fi shekara huɗu ana ji a ɗakin ya tsaya cak, har ana jin ɗigar famfo a banɗaki.

Hotunan shekaru huɗu na farko sun tafi.

Da wuta ta dawo bayan azahar, Auta ta kunna Tsohuwa. Ta tashi lafiya lau, ta rubuta layi ɗaya tana neman kalmomin sirri, ta tsaya tana jira. Kawu ya zauna ya gwada sunan marigayiya matarsa, ya gwada ranar aurensu, ya gwada abubuwan da shi kansa ya san ba su ba ne. Ta bango Auta tana jin muryar Likita yana ba wani dattijo haƙuri. Dattijon ya zo ne a gwada tabon huhunsa na yau da hoton shekara tara baya, a ga ko ya girma, kuma babu hoton.

Kwana uku ta yi tana haɗa sabuwar na'ura. Ta rubuta sabbin kalmomi a takarda biyu, ɗaya a durowar Likita, ɗaya a wurinta. Ta sa doka, duk Litinin ɗin farkon wata za a kashe a kunna, a kuma buɗe kwafin ajiya a tabbatar yana buɗuwa. Farin allon kuwa ta cire shi da kanta ta jingine a bayan ƙofa. Inna ta kira sau huɗu, ba ta ɗauka ba.

Rana ta huɗu Kawu ya shigo da alƙalamin allo a aljihu, don sabo. Ya kalli ƙusar da ke bango, ya zauna, ya shiga sabuwar na'urar da sunansa. Ya ba da umarnin farko, na'ura ta ce ba shi da izini. Ya sake, ta sake faɗa.

"Auta, kamar akwai kuskure a nan. Ba ta ba ni babban makulli ba."

Tana son mutumin nan, shi ya sa har yanzu ƙirjinta ke tafasa. Ba ta ɗago daga aikinta ba, don ta san in ta ga fuskarsa za ta karaya.

"Ba kuskure ba ne, Kawu," ta ce. "Ka duba da ido, ban da taɓawa."