Hotunan Baba Bello Sun Yi Hazo

Shagona yana Kalley, bayan Babbar Kasuwa, jikin na Yacouba tela. Sunana Latifa. Gyaran kyamara na gada wajen babana, kuma ba cika baki ba, duk Yamai in kyamara ta gagari masu gyara, a teburina take ƙarewa.

Wata Talata da hantsi Baba Bello ya shigo. Duk wanda ya tashi a Lamordé ya san shi, don da wuya ka shiga gida a can ba ka ga hoton da ya ɗauka a bango ba. Har yau da pelikil, wato fim, yake aiki, baƙi da fari, kuma shi ke wankewa da hannunsa. Muka gaisa, ya aje tsohuwar kyamararsa a gabana, ya ƙi kallona.

“Ɗiyata, ki nema mata mai saye. Na bar aikin.”

“Subhanallahi! Baba, me ya yi zafi?”

“Ido ya tafi. Duk wanda na ɗauka, fuskarsa hazo-hazo take fitowa. Mutane ba sa faɗa, kunyata suke ji, amma ba sa dawowa. Ɗana Abdulaye zai zo ran Juma'a ya tafi da ni Dosso in zauna wajensa. Shagon ma za mu mayar wa mai shi.”

Wallahi sai na ji zuciyata ta karye. Mutumin da ke tsayar da amarya da ango da tsawa guda, yau shi ne ke magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara. Na tambaye shi ko ya ga lokotoro, wato likita. Ya ce ya gani, an ce idonsa daidai da shekarunsa, an canja masa tabarau, amma hoto bai canja ba. Shi dai ya yanke cewa lokotoron lallashinsa yake.

“Kyamarar fa?”

“Ita lafiyarta ƙalau. Bara ɗiyata Mariyam ta tafi da ita Abidjan, aka yi mata gyara na gaske. Kyauta ta yi mini, Allah ya yi mata albarka.”

Na ce ya nuna mini hotunan. Da ƙyar ya zaro su daga aljihun riga, yana ta cewa ba abin kallo ba ne. Na baza su a tebur, na bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma. Fuskoki kam sun yi dishi-dishi, babu musu. Amma ga wata tsohuwa ta riƙe carbi a gabanta, kowace ƙwaya ta fito raɗau. Ga wani masunci na Goudel ya miƙo kifi, ɓawon kifin sai ka ƙirga, shi kuwa mai kifin kamar cikin hayaƙi. Kowane hoto akwai abin da ya fito garau, kuma kullum abin yana gaban fuskar ne.

“Baba, mai ciwon ido ba ya kuskure wuri guda. Yau ya faɗa gaba, gobe baya. Naka kullum gaba yake. Wannan ba aikin ido ba ne.”

Bai yarda ba, ni ma ban tsaya jayayya ba. Irin kyamarar nan, in ka leƙa ƴar tagarta, akwai tabo mai haske a tsakiya inda abu ke fitowa biyu. Kana juya zoben gilashin gaba har biyun su haɗe su zama ɗaya, shi ke nan ka saita. Can ciki wani ɗan hannun ƙarfe mai ƙaramar taya ke bin bayan gilashin yana kai labari, in ya goce ko kaɗan, taga ta yi maka ƙarya. Na fita bakin titi na auna wata eriya mai nisa, biyun suka haɗe cif. Na dawo na ɗora ta kan ƙafa uku, na buɗe bayanta, na manna gilashi mai hazo a wurin da pelikil ke kwanciya, don a nan ake ganin abin da pelikil zai gani.

“Yacouba! Bar keken ɗinkin nan ka zo ka ara mini fuskarka.”

“Hoto za a ɗauke ni? Bari in sa hula.”

“Hular me? Zauna dai, kar ka motsa. Riƙe almakashin nan a gaban ƙirjinka.”

Na saita a idonsa, na duba gilashin baya. Gashin idonsa ya fito ɗaya-ɗaya. Mai gyaran Abidjan ya san aikinsa, na sara masa. To ina matsalar? Na ɓata saitin, na ce Baba ya zo ya saita da kansa. Ya sunkuya, ya juya zobe, ya ɗago. Na duba: almakashi raɗau, idon Yacouba hazo.

Na ce ya sake. Wannan karon ban kalli komai ba sai hannunsa. Ya juya, ya juya, ya tsaya, alamar biyun sun haɗe. Sai kawai ɗan yatsansa ya ƙara tura zoben, ɗan ƙiris, kafin ya ɗago kai.

“Tirƙashi! Baba, me ka yi yanzu?”

“Me na yi? Saitawa na yi.”

“Bayan ka saita. Yatsanka ya ƙara turawa.”

“Haba ɗiyata, ni da hannuna?”

Na sa ya maimaita, Yacouba ma ya ce ya gani da idonsa. Baba ya tsaya yana kallon yatsan nan kamar na wani aka ara masa. Na tambaye shi ko kyamarar ta taɓa faɗuwa. Ya ce tun yana saurayi ta suɓuce masa daga keke a kan gada. Bayan nan hoto ya riƙa faɗawa bayan mutum, ba mai gyara a kusa, sai ya koyi ƙara tura zoben kaɗan. Ya yi ta yi har ya manta yana yi. Ashe fiye da rabin rayuwarsa da karkatacciyar kyamara yake aiki, yatsansa na biyan bambancin. Da aka miƙe ta a Abidjan, ba wanda ya gaya wa yatsan.

Na ce to abu ya zo da sauƙi, ya daina turawa. Ina! Muka gwada har Yacouba ya fara ƙorafin wuyansa ya ƙage. In Baba ya tuna, ya riƙe yatsa, sai ya daɗe har mai zama ya gaji. In ya saki jiki, yatsa ya yi halinsa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni da ake kawo wa karkatacce in miƙe, yau ni zan karkatar da miƙaƙƙe? Amma kyamarar ba tawa ba ce, kuma ba don eriya aka yi ta ba. Na cire gilashin gaba, na sa siririn turnabis, abin murɗa ƙusa, a kan ƴar tayar nan, na murɗa kaɗan. Na mayar, Baba ya saita yadda ya saba, na duba, na sake murɗawa. Haka muka yi ta yi har aka kira azahar. A na ƙarshe na duba, na miƙa masa gilashin ƙara girma.

Ya sunkuya a bayan kyamarar ya daɗe.

“Ina ganin gashin idonsa,” ya ce. “Ɗiyata, ni na saita wannan?”

“Kai ka saita, Baba. Da idonka.”

Ya cire tabarau ya share fuska da hannun riga. Yacouba da ba ya rabo da surutu ya sulale ya koma kan kekensa.

“Shekara guda ina kallon fuskar jikokina ina haddacewa, don na ɗauka na kusa daina ganinsu.” Ya rataya kyamarar a wuya, ya gyara zaman igiyar. “Mariyam kar ta ji wannan, da zuciya ɗaya ta yi. Ara mini salularki in kira Abdulaye, in ce kar ya wahalar da kansa ran Juma'a. Ina da aiki.”