Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Nas ta rufe mata baki da hanci da wata roba mai tiyo, ta ja igiyar ta bayan kai har ta kama kumatunta.

"Daga yanzu babu magana, Malama. In na tambaye ki, ki amsa da hannu."

Gimbiya ta gyaɗa kai. Ba sunan yanka ba ne. Dangin miji ne suka laƙaba mata tun da ta fara zama a tsakiyar matakalar bene tana haki, tana barin shara rabi, tana mayar wa mutane yadinsu domin ɗinki ya gagare ta. An ɗebi jininta, an ɗauki hoton ƙirji, an kwantar da ita an auna zuciya, kowane likita ya ce lafiya lau. To, mai lafiyar da wanki ya fi ƙarfinta, me sunanta? Maigidan ma da yake kare ta ya gaji, ya koma cewa son jiki ne.

Shi ya sa yau take tsoron abu guda: a sake ce mata lafiya lau.

An ɗora ta kan wani keke da aka kafe a ƙasa, wayoyi manne a ƙirjinta, wani ɗan maƙali a yatsa. Likitan da ke duba ta yau ya ce akwai ciwon da ke lafewa idan mutum yana kwance, sai an sa zuciya da huhu da jini aiki tare yake leƙowa. Ita kuwa ta zo da dabararta: ta ɗan taka kaɗan, ta tsaya, su gani da idonsu.

Kamar nas ta shiga ranta. "Ban da rowar ƙarfi. Iskar da kike fitarwa tana nuna mana wanda ya gaji da wanda ya ga dama ya tsaya. In kika tsaya da wuri, ba za mu ga komai ba."

"Wannan?" in ji maigidan daga kujerar bakin ƙofa. "Ku dai tanadar mata katifa." Ya yi dariya shi kaɗai.

Wato kafin a yarda ba ta da ƙarfi, sai ta zazzage duk wanda ya rage mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta fara takawa.

Da farko ba nauyi, kamar keken ɗinkinta da aka sa wa mai. Sai ya fara tauri. Gumi ya taru cikin robar, tana jin numfashinta yana gurnani a tiyon. Nas ta ɗaga mata babban yatsa, ita ma ta ɗaga, ko da yake ƙarya take yi. Cinyoyinta suka ɗau wuta. A nan take zama a matakala, a nan take ajiye tsintsiya. Ta wuce wurin.

"Ci gaba, Malama. Ci gaba!"

Likitan ya daina rubutu, ya matso kusa da allon na'urar. Ɗakin ya fara duhu ta gefe-gefe. Tana jawo iska, iskar tana shiga, amma kamar ana zuba ruwa a kwando. Ta ji maigidan ya miƙe, kujera ta goga ƙasa.

"Likita, leɓen... yatsunta sun canza launi."

"Ya isa! Sassauta a hankali," in ji likitan.

Ba ta san lokacin da aka sauko da ita ba. Ta dai tsinci kanta a kan gado, nas tana share mata fuska, ƙirjinta yana bugu har cikin kunne.

Da ta dawo hayyacinta, likitan ya jawo kujera ya zauna. Ya ce ta yi iya ƙoƙarin da jiki zai iya, na'ura ta shaida. Ya ce da zarar ta motsa, iskar da ke jininta faɗuwa take yi, kuma yana zargin hanyoyin jinin da ke tsakanin zuciya da huhu. Sai an ƙara bincike, cikin gaggawa. Abin ya daɗe a jikinta.

Wani daɗi ya rufe ta, irin wanda ta manta da shi. Ta kasa hana bakinta murmushi.

Likitan ya dube ta da damuwa. "Malama, kin kuwa fahimce ni? Ba ƙaramin abu nake faɗa miki ba."

"Na fahimta, likita," ta ce. Ta nuna maigidan, wanda ke tsaye riƙe da takalmanta, ya rasa inda zai ajiye su. "Baban yara ne ban tabbata ya ji ba. Don Allah ka maimaita masa."