Binnen Sammani

Shekara ta biyu ta fari ce, Kamarawa duk ta bushe, har rijiyar bakin kasuwa sai an kwana biyu ta tara abin cika tulu. Wana Sammani tukunya guda ta irin gero ta rage masa, ya liƙe bakinta da laka. Yaransa na kuka, bai fasa ta ba. Ya ce ita ce baɗi.

Sai ga Amiru daga Sakkwato, ɗan ƙanwarmu, da rakoda rataye a kafaɗa. Shi ke shirin kimiyyar noma a gidan rediyo. Sammani in ya ji muryar yaron nan, ko tuwo yake ci sai ya tsame hannu.

"Kawu, so nake in ɗauki binne," in ji Amiru.

Binne shi ne ka shuka cikin busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta ya jira ruwa. In ruwan farko ya yi ƙarfi ka riga kowa. In yayyafi ne, iri ya tsiro rana ta ƙone shi.

Sammani ya ce, "Bana ba ni binne, ɗana. Sai na ga ƙasa ta sha ta ƙoshi."

"Haba Kawu! Masana sun auna sama, ruwa na nan tafe, mai yawa."

Na ce, "Kai Amiru, in ƙarar sungumi kake so, a sara maka ƙasa ba iri mana."

Ya yi dariya. Wai, "Inna Rahmatu, mu ba mu ƙarya a rediyo."

Ku ji fa!

Sammani ya fasa tukunya. Yana sara, yara na zuba iri suna rufewa da diddige, Amiru na biye da su duƙe yana miƙa bakin rakoda. A ƙarshen kunya Sammani ya miƙe, ya ce, "Allah Ya sa mu dace."

Yayyafi anka yi, wanda ko kaza ba ta fake masa. Gero ya tsiro kore shar, sannan rana ta buɗe. Da labarin ya kai wa Amiru, sai ya komo. Na ɗauka jaje ya zo. Ashe tsiron da ya ƙone ya zo murzawa a bakin rakoda, har yana cewa mu yi shiru.

Ranar da anka sa shirin, gari ya taru gindin rediyon mai shayi. Munka ji sungumi, munka ji Sammani na roƙon dacewa. Ya gyara zama yana murmushi, bawan Allah. Sai muryar Amiru, a hankali, mai daɗi: "Wannan Malam Sammani ne na Kamarawa. Kuskuren da ya yi shi ne masana ke gargaɗi a kai: kada a yi binne a shekarar fari." Sannan ƙuruf-ƙuruf na busasshen tsiro.

Wallahi da yaron na kusa, da na shaƙe shi.

Shirin ya ciwo lambar yabo, har ƙasar waje anka kira Amiru. Saboda haka da bazara ta zagayo sunka riƙa maimaita shi, safe da yamma, don manoma su ɗauki darasi. Yara sunka haddace. Sammani bai wuce ko'ina sai ya ji ƙaramar murya a bayansa, "Allah Ya sa mu dace!"

Ruwa kuwa ya sauka, na gaske, har fadama ta cika. Kowa ya fita da sungumi. Sammani ya ce mani, "Za ni wurin Yari." Yari abokinsa ne tun suna kiwon awaki, kuma shi kaɗai ke da rarar iri. Na bi shi, na tsaya bakin zaure.

Ya gaisa, ya ajiye ƙwaryarsa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Yari ya daɗe yana duban ƙwaryar, sannan ya tura masa ita da yatsan ƙafa.

"Sammani, iri sai wanda ya san abin da zai yi da shi. Ai ɗanku ma ya faɗa."