Saniyar Hamidu da Kwalabe Shida

A daminar 1956 saniyar Hamidu ta haihu a rugarsu kusa da Riruwai, washegari ta kwanta ta kasa tashi. Kunnuwanta suka yi sanyi, yini guda ko ɗigon fitsari ba ta yi ba. Da nononta gidan yake rayuwa.

Hamidu ya taka har gari ya zo da Malam Umaru, malamin dabbobi. Malam Umaru ya naɗe hannun riga ya lalube ta, ya ji mafitsara ta cika tam kamar salka. Ya ce mafitsara jaka ce ta tsoka, tsoka kuwa ba ta matsewa sai da wani sinadari a jini da ake kira kalsiyam. Daƙashin da ya sauko, wato nonon farko, ya kwashe nata, shi ya sa ƙafafu suka mutu, mafitsara ta saki. Allura za ta tashe ta.

Maganin yana nan, kwalba shida, amma a ɗakin ajiyar wani Baturen haƙar kuza, don nan ne mai sanyi. Baturen yana da shanu biyu da ake tatsa saboda shayinsa. Suka same shi a baranda. Bai ko dubi Hamidu ba, ya ce ba zai ɓata magani a kan saniyar daji ba, a yanka ta kawai.

Ran Malam Umaru ya ɓaci.

"Ranka ya daɗe, ni na rubuta Kano aka aiko maganin nan, da sunan shanun talakawa. Ajiya na ba ka."

Ya wuce ciki a gaban kowa ya ɗauko biyu.

Da la'asar ya ɗura mata a jijiyar wuya, a hankali. Jikinta ya soma ɓari, ta yi gyatsa, sai fitsari ya ɓalle. Kafin magariba ta miƙe tana lasar ɗan maraƙinta.

Bayan mako uku takarda ta zo: an mayar da Malam Umaru Kiru saboda rashin ladabi. Hamidu ya sa aka karanta masa ita sau biyu, yana tambaya ina aka rubuta cewa saniyar ta tashi. Babu. Ya tofar da yawu, ya ɗauki akwatin malamin a ka, ya raka shi har bakin hanyar mota.